Kyandir na Huɗu

"Aje matashin nan! Na ce aje shi!"

Ni kaina ban san muryata na kai haka ba. Bawa, mijina, ya tsaya a bakin ƙofa rungume da matashin kaina, ya yi sororo.

"Ladi, rana kawai za ni sa shi ya sha. Kirsimeti ya matso, Inna ta ce a hid da komi a kakkaɓe."

"Nawa ba ya son rana!"

"Matashin ne ba ya son rana?"

Na fizge shi na danna a ƙirjina. Na zaci zai yi mini dariya yadda ya saba, don telan nan nawa ba ya barin abin tsokana ya wuce shi. Bai yi ba. Ya dubi cikina mai wata shida, ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, Ladina... bar shi nan."

Ya fita, ni kuwa na zauna bakin gado ina kuka.

Shekara uku da aurenmu, ciki biyu na ɓarar. Na biyun har ya kai wata biyar, har Bawa ya ɗinka 'yar riga da kyallen da ya rage masa a shago. Da na uku ya shiga, tsoro ya hana ni ci, ya hana ni addu'a. Na tafi Jiratawa wurin Kaka Baturiya, wadda ta raine ni, wadda har yau take kan hanyar kakanninmu. Ta ja ni bayan gonar albasa, ta damƙa mini 'yar laya a jar fata.

"Sa ta inda kanki ke kwana," ta ce. "Aradu ran da ta bar wurin, abin da ke cikinki bin ta zai yi."

Ni da nake rera waƙa a majami'a kowace Lahadi, na karɓa. Na farke matashi na cusa ta, na ɗinke da irin ɗinkina, wanda Bawa ke cewa kamar sawun kaza a laka.

To ga inda gizo ke saƙar. A majami'armu ana kunna kyandir huɗu a makonni huɗun jiran haihuwar Almasihu, ɗaya kowace Lahadi. Surukina Baba Talle ya kawo abin gida, ya ƙara masa nauyi. Bayan abincin rana mukan zauna mu huɗu a zaure, wanda zai kunna kyandirin ranar sai ya fara faɗin abin da ya ɓoye a zuciyarsa. "Ba a tarbar Baƙo da ɗaki a share, zuciya da shara," in ji shi.

Kuma ba wasa ake ba. Ranar farko Baba da kansa ya ce shekara bakwai yana gaba da ƙanensa, washegari ya hau mota zuwa Tsibiri neman gafara. Ta biyu Inna ta faɗi nata tana share hawaye. Ta uku Bawa ya ce ya zagi wani mai kawo ɗinki, ya yi maza ya kunna, ashana na faɗuwa daga hannunsa.

Saura na huɗu. Saura ni.

Baba Talle kuwa kowa ya san shi a Maraɗi. Yana saurayi ya ƙone layunsa a ƙofar gidan ubansa, aka kore shi da rigar wuyansa kaɗai. Mutumin da ya rasa gida saboda laya, me zai yi wa surukar da ta shigo masa da ita? In na faɗa, aurena. In na cire, ɗana. In na yi ƙarya gaban kyandir, ina zan sa kaina?

Tun ranar Asabar ɗan ya daina motsi.

Na shafa, na danna, na sha ruwan sanyi. Shiru. A majami'a ana waƙa, ni ina ƙirga numfashina. Da muka dawo ko tuwo ban taɓa ba.

Aka jera kyandirori, uku na ci. Baba ya miƙo mini ashana.

"Ɗiyata, yau naki ne."

Na karɓa na aje. Na tashi na shiga ɗaki, na dawo da matashin da reza. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

"Baba... Inna... akwai laya cikin wanga matashi. Kakata ta ba ni, ni na karɓa da hannuna. Wata biyar ina kwana bisa ita. Na ji tsoro ne, Baba! Ba ni iya sake binne wani!"

Inna ta dafe ƙirji. Baba bai ko ƙifta ba.

Na juya gefen da na ɗinke, na kai reza, sai na tsaya cak. Wannan ba sawun kaza ba ne. Ɗinki ne ƙanana a jere, sumul, ƙarshensa an ƙulle sau biyu an ɓoye zaren ciki. Hannu ɗaya na sani a duniya mai ƙulli haka.

Na ɗago na dubi mijina.

Ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Baba, ƙarya na kunna da ita wancan mako. Ɗinkinta ya warware tun watan Satumba, abin ya hwaɗo hannuna. Na ɗauka za ni jehwa shi wuta... har na kai bakin murhu. Sai na tuna rigar nan da ba wanda ya sa. Na maida shi na ɗinke, don kada ya sake hwaɗowa."

"Ka sani?" na ce. "Dut watannin nan ka sani?"

"Na sani, Ladina. Kina tsoro a gehenki, ina tsoro a gehena, kan matashi guda."

Kuka ya ƙwace mini. Ashe muna kwana baya da baya, kowa na gadin ɗan'uwansa.

Baba ya dubi wutar kyandir. Da ya yi magana, muryarsa ta tsufa.

"Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Laifina ne da na gina gidan da ɗiyana ke gwammace su ji tsoro su kaɗai." Ya nisa. "Ba ni ƙona ta. Na ƙona nawa gaban ubana, har ya mutu bai sake kiran sunana ba. Ladi, ke kika karɓo, ke za ki yanke."

Na farke ɗinkin mijina zare bayan zare. Layar ta faɗo tafin hannuna, ko nauyin goro ba ta kai ba. Na ƙyasta ashana sau uku kafin ta kama, na kunna kyandir na huɗu.

"Maida mata za ni yi," na ce. "Da ƙauna ta ba ni."

Na gaya musu tun jiya ɗan bai motsa ba.

"Daga can ku wuce wurin likita a duba ki," in ji Inna, tana ɗaura mini kallabi.

Muka hau moto, babur ɗin Bawa, da la'asar. Bawa na tafiya a hankali har masu kabu-kabu na yi mana tsiya. Na rungume shi, cikina manne da bayansa, layar a ƙulle a bakin zanena. Kowane rami muka faɗa sai in ji raina ya fita. Ina ta cewa a zuci, Ubangiji, ko ka ba ni ko ka karɓa, kada dai ka sake ni.

Mun hango korayen gonakin Jiratawa ke nan Bawa ya taka birki, ya sa ƙafa ƙasa. Bai juyo ba.

"Ladi..." in ji shi. "Wa ya harbe ni a baya?"

Kafin in ba shi amsa, aka ƙara masa na biyu.