An Canja Fayil Daga Waje

Cajar wayata na manta a ofis, shi ya sa na ce wa mai babur ya juya da ni. Magariba ta kawo kai a Kwatano, titi cike da hayaƙi da ƙaurin kifin da ake soyawa a ƙasan benenmu. Na hau sama na tarar da ƙofa a buɗe. Gildas, mai kamfaninmu, wanda muke ce wa Fofo, wato yaya, yana zaune shi kaɗai a kujerar Fifame.

Raina ya ɓaci. Tun da muka binne ta babu wanda ya zauna a kujerar nan. Fifame ce ta rubuta manhajar da za mu miƙa wa wani asibiti washegari, daga farko har ƙarshe. Shi kuwa Gildas, in ban da ɗaura nektai da cika baki gaban baƙi, ban san aikinsa ba. Shi ya tura ta gyaran kwamfuta ana tsuga ruwa, babbar mota ta bi ta kanta ita da mai babur. Ranar jana'iza ya fi kowa share hawaye.

A sana'armu, duk wanda ya fara fayil sunansa ne a layin farko. Ko ya bar aiki ba a cirewa, wanda ya zo daga baya sai ya sa nasa a ƙasa. Da na leƙa allon, sai na ga yana goge sunanta yana sa nasa.

"Fofo, me ke nan?"

"In abu ya lalace, kabari masu asibiti za su buga wa waya?" Ko juyowa bai yi ba. "Ɗauki abin da ya kawo ki, Senami."

Yana adana fayil ɗin, sai ga sanarwa a tsakiyar allo: An canja wannan fayil daga waje.

Haka manhajar rubutunmu take. Tana sa ido a kan fayil ɗin da ke buɗe, in wani ya taɓa shi ta wata hanya sai ta tambaye ka: a ɗauko sabon, ko a danne shi da naka? Ko sabon shiga ya san sai an duba abin da aka canja kafin a amsa. Gildas bai duba ba. Ya danne.

Sanarwar ta dawo. Ya ja tsaki ya sake dannewa.

"Waye ke aiki daga gida?"

"Babu kowa, Fofo."

Ya sunkuya ya zare wayar intanet. Yanzu babu hanyar da wani zai shigo kwamfutar nan. Ya gyara zama, ya danne.

An canja wannan fayil daga waje.

Fankar sama ta rage gudu har ta tsaya, alhali ba a ɗauke wuta ba. Hayaniyar titi ta yi nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga. Sai na ji ƙamshin man zafi, irin wanda Fifame ke shafawa a wuyan hannu in rubutu ya gajiyar da ita.

Gildas ya yi ta dannewa. Gumi ya jiƙa masa kwala.

Sannan na ji madannan kwamfutar suna ƙara. Hannayensa na kan cinya. Babu maɓallin da ya motsa, amma ana rubutu da sauri, a ƙarshen kowane layi a buga da ƙarfi. Mutum ɗaya na sani mai irin wannan bugun.

"Fofo," na ce ƙasa-ƙasa, "duba abin da aka canja."

Ya buɗe. Allon ya rabu biyu, nasa a hagu, na waje a dama. A na dama sunan Fifame na nan a layin farko. A ƙasa an sa cikakken sunan Gildas yadda al'ada ta ce, sai dai duk dannewar da ya yi an cire harafi guda. Sunan mahaifinsa ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage: Gi.

Ya ƙura wa allon ido. Leɓɓansa suna motsi.

"Senami." Da kyar muryar ta fita. "Mene ne sauran?"

Na ja da baya.

Ya cafko wuyan hannuna, tafinsa sanyi ƙalau, ya ɗora yatsuna a kan linzamin kwamfutar.

"Ke danne mini. Ƙawarki ce, ba za ta taɓa ki ba."

A ƙarƙashin guntun sunansa sabon layi ya buɗe. S. Sannan e. Sannan n.

Rubutun ya tsaya. Wani numfashi ya sauka a ƙeyata. Ana jira a ga abin da zan zaɓa.

"Dada Fifame, yayata," na ce cikin raɗa, "aikinki ne."

Na danna a ɗauko sabon.

Harufan sunana suka ɓace. Nasa biyun ma suka bi su. Gildas ya sake ni, ya yi wani irin nishi. Ban tsaya ɗaukar cajar ba. A matakala na faɗi na gurje gwiwa, na tashi na ci gaba da gudu har sai da mai soya kifi ta riƙe ni tana tambayar lafiya.

Washegari mu muka kai manhajar, da sunan Fifame a saman kowane fayil. Gildas yana nan da ransa. Yana ci, yana sha, yana gane mutane. Amma ko a kunnensa ka kira sunansa ba zai waiwayo ba, in aka ba shi biro ya sa hannu sai ya riƙe yana kallon takarda. An kai shi coci, an kai shi wajen masu duba a ƙauyensu, shiru. Zan faɗi gaskiya, ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Kwanan baya matarsa ta zo ofis, ido duk ya kumbura. Wai an ce mata in aka mayar da sunansa cikin fayil ɗin, ko a ƙasan ƙasa ne, zai warke.

"Ki taimaka, 'yar'uwa. Layi ɗaya ne."

Na ba ta kujera, na kawo mata ruwa mai sanyi. Sannan na ce mata ni ba na taɓa fayil ɗin da wata ke aiki a kai.