Tafin da ke Cikin Faifai

"Sake faɗa, in ji da kunnena!"

Verona ta tsaya cak a gaban madubin banɗakin mata, jan-baki a hannunta.

"Cewa na yi tafin da ke tsakiyar faifan nan, nawa ne da na Carlton," in ji Paulette, tana gyara ɗan kunnenta a natse. "Au, bai gaya miki ba? Ayya, 'yar coci..."

"Sunana Verona."

"Na sani. Sunanki na bana ne. Ni maganar bara waccan nake yi miki, lokacin da Yaran, makaɗan unguwarmu, suke kiɗa a gareji, babu mai kallonsu sai mu. Ranar da za su ɗauki faifan suka ce suna son masu tafi. Muka tsaya ni da shi, kafaɗa da kafaɗa, a gaban makirufo ɗaya. Duk sanda ya sa faifan nan ya lumshe ido, me kike tsammani yake gani?"

Ta rufe jakarta, ta fita.

Mata irin Paulette ba sa ƙarya. Ba su da bukata. Gaskiya suke zaɓa, su wasa mata baki.

Asabar ce da rana, a zauren ƙarƙashin ƙasa na unguwar Harlesden ta London, inda samari suke zuwa da takalman rawa a leda, su barbaɗa hoda a ƙasa don santsi. Da Verona ta fito, saurayinta Carlton ya riga ya miƙa wa mai sa kiɗa faifansa. Haka ake yi duk mako, don kaɗan aka buga, kuma ko mai sa kiɗan bai samu ba. Ganga ta fara. Fili ya buɗe, aka yi da'ira. Doka ce da ba wanda ya rubuta: in an sa wannan, waɗanda suka san Yaran tun gareji ne kawai ke shiga.

Carlton ya shiga.

Paulette ta bi shi.

Ko yatsa ba su haɗa ba, don rawar nan ba ta taɓa juna ba ce. Da ma sun rungumi juna, da Verona ta san sunan abin da za ta yi fushi a kai. Amma ya juya, ta juya. Ya faɗi ƙasa a kan gwiwa, ta riga ta san inda zai tashi.

Verona ta matse kwalbar lemonta har yatsunta suka yi sanyi.

A mota ta juya fuskarta ga taga. Carlton, makanikin bas ne mai yawan dariya, ya dinga leƙen fuskarta.

"Gimbiyata, wa ya taɓa min ke?"

"Ba kowa."

"Ba kowan nan yana da dogon ɗan kunne?"

"Me ya sa ba ka gaya min ba? Tafin!"

Ya yi dariya, wadda ita ce kuskuren da maza suka fi yi.

"Tafi fa, Verona! Mu wajen goma ne a garejin. Har da wani mai gyaran famfo da ya zo wucewa."

"Ita ba ta ce goma ba."

"Ita ai ba ta ƙirga kowa sai kanta."

"To me ka gani a tsohon abin nan? Ga sababbin waƙoƙinsu a talabijin, masu daɗi, ga mawaƙiya, ga..."

"Kar ki ƙarasa, zan iya buga motar nan!" Ya dafe ƙirji. "Waɗancan na talabijin an wanke su, an goge, an fesa musu turare. Na farkon ba mai waƙa, ba mai gaya miki abin da za ki ji. Mai ganga yana gudu, mai jita yana bin sa da duka, kamar za su ɓare, amma ba sa ɓarewa. Ki gane, zuciyata, iyayenmu nasu kiɗan daga Jamaika ya zo. Na rediyo daga Amurka. Wannan kuwa daga bayan gidan mai ya fito, yaran da muka yi makaranta tare. Ranar da na fara jin sa na san ni ɗan garin nan ne."

Ya tsaya a ƙofar gidansu, ya ɗauko faifan daga kujerar baya, ya ɗora mata a cinya.

"Ungo."

"Na me?"

"Ki ji shi ke kaɗai, babu ni, babu Paulette. Ko ƙanena ban taɓa bari ya kwana da shi ba. In kin so shi, da shi za mu buɗe rawa ranar aurenmu. Ke za ki shiga da'irar."

"Carlton..."

"Gobe zan karɓa in na zo cin abincin Mamanki. Ki yi min addu'a, matar nan kallon shaiɗan take min."

Bai yi ƙarya ba. Tana shiga, Mama Hyacinth ta dubi abin da ke hammatarta ta taɓe baki.

"Kayan wancan mai tsalle-tsallen ne?"

"Mama, Carlton ne sunansa."

"Na haifi nas, ba 'yar rawa ba. Ga ɗan Brother Linton na cocinmu, yana aikin banki, yana bin ki da ido kamar maraya. Namijin da ke share ƙasa da wandonsa duk Asabar, me zai share miki?"

Verona ta haye sama, ta kulle ƙofa, ta sa faifan a garmaho, ta ɗora allura.

Abin haushin shi ne, ya yi daɗi.

Ta zo da niyyar ƙin sa. Ganga ta shigo a gaggauce, jita mai kauri ta biyo tana tsalle kamar yaro a kan katifa, ƙaho ya zo a makare bai ba da haƙuri ba. Wani ya yi tari aka bar shi a ciki. Ta duba ƙasa, sai ta ga ƙafarta tana motsi ba da izininta ba. Ta miƙe. Ta juya sau ɗaya a gaban kabad, ta yi dariya ita kaɗai.

Sai komai ya ɗauke.

Tafi ya shigo.

Ta tsaya da hannu a sama. Ta kasa kunne ko za ta ji mutum goma. Biyu ta ji. Ɗaya mai nauyi, ɗaya siriri, suna faɗuwa tare ba tazara. Ta mayar da allura ta sake ji. Ta sake. Duk maimaitawa sauran hannayen ƙara ɓacewa suke, har mai gyaran famfon.

Ranar aurenta ke nan? Ita cikin farar riga, tana rawa, Paulette tana yi mata tafi daga cikin faifai?

Washegari rana ta fito da ƙarfi, irin wadda London ke samu sau 'yan kaɗan a shekara. Tagar ɗakin Verona tana fuskantar ta. Ta zare faifan daga kwalinsa, ta jingina shi da gilashi. Duk yaron da ke unguwar ya san abin da rana ke yi wa faifai. Ta sa hularta, ta bi Mama coci.

Cocin Mama kuwa ba ya gaggawar tashi.

Carlton ya zo da kwat da ɗaurin wuya, ya ci shinkafa da wake, ya ce "Amin" a inda ya dace, ya amsa tambayoyin Mama kamar mai neman biza. Har ta ƙara masa kaza, abin da ba ta taɓa yi wa ɗan banki ba. Da Mama ta shiga kicin, ya raɗa wa Verona:

"To? Kin ji shi?"

"Na ji."

"Ya kama ki, ko? Na gani a idonki! Ɗauko min."

Ta sauko da shi a hannu biyu. Ya lanƙwashe kamar tasa.

Ya karɓa a hankali. Ya juya shi. Ya shafa bakinsa da babban yatsa.

"Rana ce," ta ce. "Na manta shi a taga..."

"Ba kwali?"

Ta kau da kai.

"Verona, ke nas ce. Ba kya manta komai."

"To na yi!" Hawaye suka zubo. "Na yi! Ba zan yi rawa da tafinta ba! Ka zaɓa, ni ko shi!"

"Ai na zaɓa jiya. A cinyarki na ajiye shi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye faifan a kan teburin, kusa da ƙashin kaza, ya ɗauki makullinsa.

"Carlton, masoyina, tsaya... zan nemo maka wani, ko'ina ne!"

"Babu a kasuwa." Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara ɗaurin wuyan da ya sa dominta. "Ba komai. Paulette tana da nata."

Da farko sauraro kawai yake zuwa yi gidan Paulette, ranar Lahadi. Haka aka ce, kuma wataƙila haka ne. Paulette mace ce mai karamci, ba ta hana maƙwabci allura. Sai dai ba ta ba da aron faifai. Duk mai son ji, sai ya hau benenta.

Verona ta je sau ɗaya, da kayan aiki a jikinta, da maganar ban haƙuri da ta shirya a bas. Tagar bene a buɗe take. Ganga tana gudu, jita tana bin ta. Ta tsaya a kan titi har komai ya ɗauke, tafi ya shigo.

Wannan karon ba daga faifan kaɗai yake fitowa ba.

Ba ta ƙwanƙwasa ba.

Da lokacin kaka ya zo, Verona ta auri ɗan Brother Linton, mutumin kirki wanda bai mallaki faifai ko ɗaya ba. Mama Hyacinth ta ce ba ta taɓa ganin biki mai natsuwa irinsa ba.

Gaskiyarta. Ba wanda ya yi rawa.