Wanda Ke Tallafe da Gadarmu

Rana ta kusa faɗuwa na tuna na bar zartona a ƙarƙashin gada. Matata Suzhen tana cikin zuba mana shinkafa da dankali.

"Baban yara, zarton nan ƙafa gare shi? Bari sai gobe mana."

Ban saurare ta ba.

Gadar ƙauyenmu, a tsaunukan Fujian, ta katako ce mai rufi kamar doguwar rumfa. Babu ƙusa ko ɗaya a ƙasanta. Gumagumai ne aka saƙa, kowanne ya danne ɗan'uwansa. Ni aka ba gyaranta a shekarar.

Na bi ta ciki. Ƙamshin turaren da tsofaffi suka kunna bai gama bajewa ba. Na sauka ta tsani zuwa dandamalin gora da muka ɗaura a ƙasa. Kogi na ta ruri.

Sai na ji nishi.

Wani tsoho ne a durƙushe, ya tallafe babban gungume da kafaɗarsa. Rigarsa irin ta mutanen zamanin da ce, a jiƙe sharkaf. Yana warin laka da ruɓaɓɓen itace.

"Kawu, me kake yi a nan?"

"Ɗana," ya ce a hankali, "karɓe ni kaɗan. Na gaji."

Tausayi ya kama ni. Na sa kafaɗa.

Nauyin gadar duka ya sauko mini. Gwiwoyina suka lanƙwashe.

Tsohon ya miƙe, bayansa na ƙas, ƙas, ƙas. A nan na lura ƙafafunsa ba sa taɓa goran.

"Ni ma gudumata na dawo ɗauka," ya raɗa mini.

Ya juya ya tafi. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Fatata ta fara mannewa da itacen.

Sai na ji taku a samana.

"Baban yara! Abincinka ya huce fa!"

Suzhen ce, a tsakiyar gada.

Ban san inda na samo murya ba. "Koma! Koma da gudu!"

Na daure har takunta ya bar gadar. Na fizge kafaɗata, na faɗa kogi. A bayana gungumen ya tsage da ƙara.

Washegari abokan aikina suka tarar gara ta cinye cikinsa tas, tun shekaru aru-aru. Suka sa sabo.

Kafaɗata ta dama ta karkace har yau. Kuma ko ina zaune a gida, ƙofa a rufe, nakan san mutum nawa ne ke kan gadar.