Kwanon da ke ƙarƙashin buhuna

A daminar 2004, mutum kusan arba'in ne ke kwana a gefen titin da ya bi ta bayan wata masaƙa a Sharada. Yawancinsu leburori ne daga Jigawa da Nijar. Ba su da famfo, ba su da makewayi, ba su da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Mace ɗaya ce a cikinsu, Kulu mai abinci, sai 'yarta Atika mai shekara tara. Hukuma ta riga ta shafa wa rumfunansu jan fenti, ta ba su wa'adin wata guda su tashi.

Wata Juma'a maza suka dawo daga masallaci, Kulu ta dawo daga cefane, suka tarar an yaye rufin rumfa biyar. Ta Kulu tana ciki. Ga hadari ya haɗo ta gabas.

Sajan Tijjani na 'yan sanda ya zo bayan la'asar. Ya tsuguna gaban Atika, don ita kaɗai ta ga abin.

"'Yammata, su nawa ne?"

"Su uku, Yallaɓai, da a-kori-kura. Sun sa riga mai ƙyalli. Suka ce gwamnati ce ta aiko su."

"Sun yi ta fashe-fashe?"

"A'a. Kai tsaye suka nufi biyar ɗin, ba su duba sauran ba. A hankali suka riƙa zare ƙusa, suna zubawa a gwangwani."

Sajan ya zagaya wurin. Rumfa goma sha takwas ne, kowacce an lulluɓe ta da tsofaffin buhuna, an danne da taya. Ya ɗaga buhun ɗaya daga cikin waɗanda aka bari, ya ga ruɓaɓɓen kwano. Ya ɗaga na gaba, ya ga kwali da leda.

Da safe ya nufi ofishin da ya ba da wa'adin, wanda ke buɗewa har ranar Asabar. Jami'in wurin, Malam Zakariyya, ya ɗaure fuska.

"Saura kwana goma sha ɗaya, Sajan. Kuma mu ba ma fita ranar Juma'a. In mun tashi da katafila muke zuwa. Wa ke da lokacin zare ƙusa?"

Sajan bai yarda ba sai da ya ga littafin fitar motoci. Babu wadda ta motsa jiya.

Ya koma wajen mai gadin masaƙa, Malam Hambali, wanda kowa ya san ya tsani rumfunan.

"An ce kun sha cewa gara a kwashe su."

"Na faɗa, zan kuma! Ƙofata ta zama juji. Amma ni da su sahu ɗaya muka yi salla. Kuma me zan yi da tsumman buhu?"

"Buhu kawai kuke gani a kai?"

"To me ke akwai ban da shi?"

Sajan ya dube shi da kyau, ya ga da gaske yake tambaya. Ya wuce wurin Kulu, wadda ke shanya tabarmar da ruwan jiya ya jiƙa.

"Inna Kulu, me ke ƙarƙashin buhunanki?"

Ta rage murya. "Sabon kwano. Mu biyar muka saya bara. A ranar da aka buga muka rufe shi, kada ido ya gani. Nan wurin, in aka ga kana da abu, ba ka kwana da shi."

"Wa ya buga muku?"

"Ɗayyabu kafinta. Mutumin kirki ne, Yallaɓai, har tuwo yake ci a nan."

A Challawa Sajan ya same shi, yana buga wa wani shago rufin kwano. Yaransa uku suka sunkuyar da kai.

"Sannu da aiki, Malam Ɗayyabu. Kwanon nan sabo ne?"

"Sabo fil."

"Sabon kwano da hudar ƙusa biyu-biyu? Juyo min wancan."

Aka juyo shi. Cikinsa baƙi ƙirin da hayaƙin murhu.

"Rumfa goma sha takwas iri ɗaya ce a ido," in ji Sajan a natse. "Yaranka ba su ɗaga buhu ko ɗaya don dubawa ba, suka nufi biyar ɗin kai tsaye. Ban da masu su, wanda ya buga ne kaɗai ya san su. Ka zaɓi lokacin salla, ka kuma san duk wanda ya ga jan fenti zai ce hukuma ce, ya yi shiru."

Ɗayyabu ya ajiye guduma. "Yallaɓai, katafila ce fa za ta murƙushe shi. Na ga asara ce..."

"Sai ka bar mace da yarinya a ruwa. Sauko."

Kafin magariba aka mayar wa kowa kwanonsa. Leburori biyu suka hau rumfar Kulu za su buga. Atika ta ja zanen uwarta.

"Inna, tunda an kama ɓarawon, an fasa tashinmu ke nan?"

Kulu ta dubi Sajan. Shi kuwa bai iya yi wa yarinya ƙarya ba.

"Ba a fasa ba, Atika. Masu jan fentin na gaske ne, suna nan tafe."

Atika ta ɗaga kai ta ce wa masu aikin kada su buga ƙusar ta nutse sosai. Ta gane cewa kwanon nasu ne, amma wurin ba nasu ba ne.