Kwanso Biyu a Gindin Tsamiya

Daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ce, gero ya kai ƙugu, wani mai babur ya faɗo caji ofis na Ƙaura Namoda ko inji bai kashe ba. Ya ce an harbe wani manomi mai suna Dauda a bayan Kurya Madaro, an kuma kama Bafillacen da ya harbe shi, yana nan ɗaure a ƙofar gidan maigari. In hukuma na son ta same shi da rai, to ta hanzarta.

Sufeto Shu'aibu ya tashi ba tare da ya ƙarasa goron da ke hannunsa ba. Mutum ne da ya tsani abu ɗaya a aikin nan, wato ya iske jama'a sun riga sun gama masa bincike. Ya ɗauki kofur ɗaya da direba, suka shiga tsohuwar motar ofis mai tafiya da addu'a.

Abin da suka tarar ba daɗi. Makiyayin, Amadu, yana zaune cikin taɓo, hannuwansa a baya, idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe. Samarin gari sun kewaye shi da sanduna da adduna, kowa na faɗin yanzu zamanin shari'a ne, wanda ya kashe a kashe shi. Kun san mutanenmu, wanda ko alwala bai iya ba ranar nan ya zama alƙali.

Da ƙyar sufeto ya sa aka kwance shi aka shigar da shi zauren maigari, ya tsayar da kofur a bakin ƙofa. Batun tafiya da shi Ƙaura kuwa, samarin suka zauna a gaban mota suka ce sai dai a bi ta kansu. Maigari, tsoho ne da muryarsa ta daina kai wa nesa, ya roƙe su su bari a rufe mamaci bayan la'asar. Abin da ya iya samo wa sufeto ke nan.

"Kun yi faɗa da Dauda?" sufeto ya tambayi Amadu.

"Mun yi. Shanuna sun taɓa mai gero, ya zage ni, na rama."

"Yau ina kake?"

"Kiwo. Na ji ƙara, na zo dubawa, suka kama ni."

"Ƙara nawa?"

"Biyu. Ta fari, sai na ji dariya. Sannan ta biyu."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Mai ƙirƙirar ƙarya don ya ceci wuyansa ba ya tsayawa sa dariya a ciki.

An riga an kai gawar gida, an shimfiɗe ta a zaure. Sufeto ya yaye mayafin. Ya ga aikin bindigar toka ba sau ɗaya ba, yadda take watsa ƙarafa ta yi kaca-kaca da mutum. Wannan kuwa rami ɗaya ne ɗan ƙarami a ƙirji, wanda ɗan yatsa zai toshe. Bindigar da ke yin irin wannan ba ta saba shigowa ƙauye ba.

Wanda ya fara ganin gawar yana durƙushe a gefe. Labbo ne, babban maharbin Kurya, dattijo mai jajayen idanu, taubashin mamacin. Duk garin an san su, tun suna yara ba su haɗuwa sai da zagi da tsiya, kuma ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Labbo ya ce ya fito zagaya tarkonsa ne ya yi tuntuɓe da shi. Yana maganar yana kallon ƙasa, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Da aka tambaye shi, ya ce lauje ne ya yanke shi.

Ba a gonar Dauda abin ya faru ba. Maigari ya kai sufeto wata tsamiya a bakin fadama, nesa da gonar sosai. Jinin na nan, ruwan jiya ya bar ƙasa da laushi, ga sawun babur ya shigo ya fita.

Sufeto ya duƙa yana tona ciyawa da sanda har ya sami abin da yake nema, kwanson harsashi na tagulla, sannan wani kusa da shi. Ya miƙe, ya juya, sai idonsa ya sauka a jikin tsamiyar. Wani ya zana da'ira da gawayi daidai tsayin ƙirji, kuma a tsakiyarta cif akwai sabon rami, ɓawon itacen ya tsage fari.

Wane mai kisa ne zai tsaya zanen gawayi? Nan an yi gwaji ne, kuma wanda ya yi harbin farko ya san saiti.

Ya koma gidan mamaci. Matar, Balaraba, ta shiga takaba, don haka daga bayan zana aka yi maganar, wata tsohuwa na zaune tsakani. Muryarta ta dishe. Ta ce Dauda ko fartanya bai ɗauka ba. Yana shan kunu Labbo ya zo ƙofar gida yana kiransa rago, yana cewa ya fito ya ga abin da ko kakansa bai taɓa gani ba. Dauda ya ajiye ludayi ya fita yana ramawa, yana dariya. Ta kuma ji babur, kuma duk Kurya ba mai babur mai irin wannan tarin inji sai Alhaji Tambari mai sayen hatsi.

"Kin faɗa ma wani wannan?"

"Ba wanda yat tambaye ni, Yallaɓai. Kowa ya ce Bafillace na."

Ran sufeto ya ɓaci ƙwarai, ya rasa da wa zai yi fushin.

Alhaji Tambari yana cikin shagonsa tsakanin buhunan dawa, ƙofa a saye, ranar da gari duk yana gidan makoki. Ya tarbi sufeto da gaisuwa mai yawa. Ya ce shi yau bai fita ba, ciwon ciki ke damunsa, bindiga kuwa ko a mafarki, shi da ko yankan kaza ba ya iya kallo. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya leƙa waje ya nuna masa tayar babur da taɓon fadama bai bushe a kanta ba. Ya zube kwanso biyun a kan buhu.

"Alhaji, kafin la'asar zan fita da sunan mutum ɗaya in ba jama'a. Ka fi so ya zama naka?"

Sai magana ta ɓalle wa Alhaji. 'Yan fashi ne suka tare shi a hanyar Zurmi kwanakin baya, suka kwantar da shi a ƙasa kamar rago, tun ranar barci ya ƙaurace masa. Ranar kasuwar Shinkafi wani mutum daga tsallaken iyaka ya ba shi ƙananan bindigogi biyu ya je ya zaɓa. Ɗaya ƙirar maƙera ce, ɗayar ta Turawa. Shi abin da yake so kawai wadda ba za ta ƙi tashi ba ranar buƙata, kuma in an nuna ta wuri ta je wurin. Amma ina ya san yadda ake ganewa? Sai ya nemi Labbo, tunda duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi sanin bindiga. Labbo kuwa ya ce sai an kira Dauda, don ya sami abin yi masa gori.

Ya zura hannu cikin buhun dawa ya zaro su a ƙunshe cikin zane. Sufeto ya ɗauki ta Turawan, ya zare gidan harsasanta, ya ja samanta baya, sai ga wani harsashi ya faɗo daga bakinta. Alhaji ya yi baya har ya buge buhu.

"Wa ya harbe shi?"

"Ni ban taɓa ta ba, wallahi. Ni dai na ce mu yi shiru, don ba ni da takardar riƙe ta. Sauran ka tambayi Labbo."

Ana cikin haka aka kira la'asar.

Sufeto bai je maƙabarta ba. Ya sa Alhaji a mota, ya tsaya a ƙofar zauren maigari kusa da kofur. Ya san in Labbo ya musa, maganar Alhaji da ta mace mai takaba ba za su tsayar da samarin nan ba. Da suka dawo daga rufewa, ƙasar kabari na hannuwansu, ba wanda ya nufi gida. Zauren suka nufo gaba ɗaya.

Ya kira Labbo da sunansa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Maharbin ya fito daga cikin taron a hankali.

"Baba Labbo, kwance hannunka."

Labbo ya tsaya. Sufeto ya kama hannun da kansa ya warware tsumman. Tsakanin babban yatsa da manuni akwai yanka biyu a jere, sababbi. Sufeto ya ɗaga hannun sama ya gaya wa jama'a cewa lauje ba ya yanka haka. Irin wannan bindiga in ta tashi samanta na dawowa baya da ƙarfi, wanda bai saba da ita ba ya riƙe ta riƙon bindigar toka, nan take cizonsa. Shi ma ta cije shi a makarantar 'yan sanda.

Labbo ya dubi hannunsa kamar na wani, sai ya zauna a ƙasa.

Ya ce ta maƙeran ya fara gwadawa, ta ƙi tashi. Ya ɗauki ta Turawan, harbi ɗaya ya huda tsakiyar zanen. Dauda ya ƙyalƙyale da dariya ya ce sa'a ce irin ta makaho, ai ko akuya aka ba za ta same shi.

"Sai na juyo na nuna mai ita na ce bari in gwada wanga ƙaton cikin. Yallaɓai, tun ina yaro haka muke. In na harba, sai in nuna mai bakinta in ja kunama, shi kuma ya faɗi ƙarya shina shure-shure. Bindiga in ta yi magana sau guda ai ta gama, sai an sake ɗura mata albarushi. Ban san akwai wadda ke ɗura ma kanta ba. Da ya faɗi, har na ce mai ya tashi, wasan ya isa."

Wani a cikin taron ya yi salati. Sanduna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Limamin gari ya ce wannan kisan kuskure ne, diyya ce hukuncinsa, da ya faɗa tun da safe da ba wanda zai taɓa shi. Labbo ya ce ya sani. Kunya ce ta hana shi, a ce maharbin Kurya bai san bindiga ba, har ya kashe ɗan uwansa da ita. Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, bai san wanne ya fi ba. Ya sa masa ankwa, ya ce saura na alƙali ne.

Bai yarda ya bar Amadu a garin ba. Hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa, sai an kai shi asibitin Ƙaura. Don haka mota ɗaya suka shiga, Alhaji a kusurwa ya rufe fuska da babbar riga, Labbo da Amadu suna fuskantar juna a kujerun baya. Samarin da suka tare hanya ɗazu suka dare, ba wanda ya iya ɗaga kai.

Sun wuce gonakin gari, mota na tsalle cikin ramuka, Labbo ya ɗago.

"Amadu, ka yafe mini. Na ga ana dukanka na yi shiru."

Amadu ya dube shi da idon da ke buɗe.

"Ba shiru kaɗai ka yi ba, Baba. Da suka rasa abin ɗaure ni, kai ka kwance igiyar tarkonka ka miƙa musu."

Sufeto ya waiwayo daga gaba yana jiran Labbo ya musa. Har suka shiga Ƙaura Labbo bai musa ba.