Kan Keke a Cikin Baro

Auta yarinya ce 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta, sai dai akwai ta da son a ce mata 'yar gayu. Ko takalminta ya tsinke, sai ta yi tafiya kamar yau aka sayo shi.

Mamanta ɗinki take yi, da shi take ciyar da su. Amma sati uku ke nan keken ɗinkinta ya tsaya cak. Da ta taka sai allura ta karye. Ga shi shugaban makaranta ya ba ta ɗinkin rigunan ɗalibai talatin. Ya ce in ba ta gama ba kafin a dawo daga hutu, zai ba wani tela.

A unguwar akwai masu aikin sa-kai. Mutanen gari ne, kowa da sana'arsa. Duk Asabar sukan ba da lokacinsu kyauta. Cikinsu akwai wani tsoho, Baba Mai Gyara, da yake bi gida-gida yana gyara kekunan mata. Mama ta sa sunanta, layi ya zo kanta ranar Asabar.

Da safe Mama ta tafi sayo zare. Ta ce wa Auta in Baba ya zo ta shigo da shi, ta ba shi ruwa.

Ba a jima ba sai ga ƙawar Auta, 'yar mai kantin magani, ta zo su yi aikin gida. Auta ta yi maza ta rufe keken da zane. Suna zaune a ƙofa sai ga tsoho da tsohuwar jaka, rigarsa duk tabon mai.

Ya ce, "'Yammata, nan ne keke ya lalace? Ni ne mai gyaran kyauta."

Kalmar "kyauta" ta soki Auta. Ta saci kallon ƙawarta, ta ɗaga kai sama.

"Ba nan ba ne, Baba. Mu ba ma karɓar taimako."

Tsoho ya duba takardarsa, ya dubi ƙofar. Bai yi musu ba. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ya wuce.

Mama ta dawo ta zauna jira. Ko wa ya yi sallama sai ta miƙe. Har rana ta yi sanyi babu Baba. Daga nan ta ɗauko allurar hannu ta fara ɗinka riga ta farko. Kwana biyu tana fama, riga ɗaya ba ta ƙare ba, yatsunta sun kumbura. Abincin gidan ma ya ragu.

Rana ta uku Auta ta ga Mama tana ninke yadin makaranta tana sa wa a leda.

"Mama, ina za ki kai shi?"

"Zan mayar wa shugaban makaranta. Gara ya ba wani tun da sauran lokaci."

Nan Auta ta fashe da kuka. Ta faɗi duk abin da ta yi, ba ta rage komai ba.

Mama ta ce, "Auta, kunyar keken da ya saya miki takalmi kike ji? Baba ba abinci ya kawo mana ba. Aikinmu ya zo ya tayar mana."

Da Asabar ta zagayo, Auta ta je ɗakin masu aikin sa-kai, bayan kasuwa. A wani lungu malama tana koya wa mata karatu. A wani lungun kafinta yana nuna wa samari riƙon zarto. Baba yana bakin taga. Auta ta durƙusa ta ba shi haƙuri.

Baba ya yi dariya ya ce ai tun ranar ya gane, don ya hango ƙafar keke a ƙarƙashin zane. Amma ya ce gidaje ashirin suna jiransa, ba zai tsallake kowa ba. Layinsu sai wani wata.

"Sai dai in za ki kawo kan keken nan da kanki. Ina nan har la'asar."

Kan keke ƙarfe ne mai nauyi. Mama ta kwance shi, maƙwabci ya ara musu baro. Auta ta kama turawa, tayar tana ƙara kamar ana yanka ta. Duk wanda ke titi sai da ya waiwayo. Kuma hanyar ta bi ta gaban kantin magani.

Ƙawarta tana tsaye a ƙofa. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta tsaya, ta share gumi.

"Kekenmu ne. Ya lalace. Ranar nan ƙarya na yi."

Ƙawar ta ce, "To shi ne me? Babana ma duk Asabar yana can yana auna lafiyar mutane kyauta. Matsa in kama hannu ɗaya."

Su biyu suka tura baron har gaban Baba.

Baba bai taɓa keken ba. Ya miƙa wa Auta sukundireba ya ce idonsa ya gaji da ƙananan ƙusoshi, yau ita ce mai gyara. Ya nuna mata inda za ta buɗe. Ta ciro tarin guntun zare da ya cushe a ciki. Ta ɗaure wata 'yar ƙusa da ta saki. Ta ɗiga mai, ta sa sabuwar allura. Rigar 'yar gayu ta yi baƙi, ko a jikinta.

Baba ya sa ƙyalle ya juya keken da hannu. Ɗinki ya fito layi ɗaya, sambal. Matan da ke karatu suka ajiye fensir suka tafa mata.

Kwana tara Mama tana taka keke, Auta tana sa maɓalli. Ana gobe komawa makaranta, riguna talatin suka cika cif. Shugaban makaranta ya duba ɗinkin, ya ce na zango mai zuwa ma Mama ce za ta yi. A aji kuwa, ko ina Auta ta duba ɗinkin gidansu take gani a jikin yara. Ta ce wa na kusa da ita, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mamana ce ta ɗinka."

Yanzu duk Asabar Auta tana zaga gidaje da Baba. Ta gyara kekuna huɗu da hannunta, mata huɗu sun koma aiki. Ta gane cewa karɓar taimako ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ƙarya da girman kai. In kowa ya ba da abin da ya iya, talauci yakan ja da baya.

Rannan suka yi sallama a wani gida. Wata ƙaramar yarinya ta leƙo, ta sunkuyar da kai ta ce ba nan ba ne.

Auta ta yi murmushi, ta nuna mata tabon mai a hannunta.

"Ni ma haka na taɓa cewa. Je ki gaya wa Mama masu gyara sun iso."