Wuyan Bas Ɗin Bahaguwa

A kasuwar Lahadi ta garin Reghin, can bayan masu sayar da tsofaffin tayoyi, Sanda ta fara ganin Horia. Ya shimfiɗa bargo a bayan motarsa ya baje kayan jitar lantarki: maɗauran tsirkiya, wayoyi, ƙananan maganaɗisun da ke ɗauko sauti, da sukurori a cikin kwalaben zuma. Duk rarar abin da ya saya ne don haɗa nasa jitocin, yake sayar wa 'yan uwansa masu haɗa jita a gida don sha'awa.

Ta ɗauki maɗauri ɗaya tana juyawa. Bai ko dubi fuskarta ba, hannunta ya duba.

"Ke bahaguwa ce," in ji shi. "Ajiye wannan, ba zai yi miki ba."

Ta ce wa ya gaya masa ita za ta kaɗa. Ya ce kantar da ke kan yatsunta na dama ce ta gaya masa, kuma bas take kaɗawa, babbar jitar nan mai amo a ƙasa. Gaskiya ya faɗa. Tun tana makaranta take aron bas ɗin masu dama ta kifa shi, domin na bahagwai ba ya samuwa a garin.

Ya buɗe kujerar baya ya fito da wani abu naɗe a tawul. Wuyan bas ne na bahagwai, sabo, ba a taɓa ɗaura shi ba.

"Ya daɗe yana jiran ki."

"Shi ke jira ko kai?"

"Mu biyu ne, amma ya fi ni haƙuri."

Ba ta sayi komai ba. Lambarsa ta karɓa, ta ajiye da sunan Ɗan Gwangwan.

Da yamma ya rubuto: "Bahaguwata, na mayar da shi cikin tawul. Na ce masa za ki dawo."

Ta amsa: "Ka daina yi wa katako alkawari da bakina, Ɗan Gwangwan. Laraba, kantin kofi na gaban coci. Ka wanke man inji daga farcenka."

Ya wanke. Kafin dusar ƙanƙara ta narke daga kan duwatsu, sun riga sun san inda suka dosa.

Matsalar tana gida. Mahaifinta Traian masassaƙin goge ne, kamar yadda ubansa ya yi, kuma a wurinsa duk abin kiɗan da ake jona wa wuta ɗan uwan firij ne. Akwai kuma Cezar, babban ma'aikacinsa, mai hannu mai kyau da ƙarancin magana, wanda kowa a unguwa ya ɗauka shi zai gaji shagon, ya haɗa da 'yar. Ba wanda ya taɓa tambayar 'yar.

Sanda ta kawo Horia cin abincin rana. Mahaifiyarta Viorica ta cika masa faranti da naɗin kabeji da nama, alamar ita dai ta gama yanke nata hukunci. Traian ya bari ya ci rabi, sannan ya tambaye shi jita nawa ya taɓa gamawa.

Horia ya ajiye cokali. Ya ce ya fara da yawa. Sai dai duk sanda ya kusa gamawa, wani zai kira ya ce ya rasa maɗauri ko maganaɗisu, shi kuma ya kwance daga tasa ya sayar masa. Da aka matsa, ya yarda ko ɗaya bai gama ba.

"Mutumin da bai taɓa kai jita ƙarshe ba," in ji Traian, "shi zan ba 'yata ya kai aure ina? Ka kawo mini abu ɗaya cikakke kafin a tsinke inabi. Ta kaɗa shi a ɗakin nan, da hannun da Allah ya ba ta. In ba haka ba, kofi kawai za ka riƙa sha a gidana."

"Na karɓa, Nea Traian," in ji Horia, da "Nea" ɗin da ake girmama dattijo da shi, ya ci gaba da cin abincinsa.

Sanda ba ta ji tsoro ba. Abin da ya fi wahalar samu shi ne wuyan, ga shi kuwa a tawul. Suka yi bazarar a garejinsa, shi yana fafe gangar jikin, ita tana gogewa, tana kuma korar duk wanda ya leƙo neman sukurori.

Wata safiya ta kai wa mahaifinta kofi a shago, ta ga tawul ɗin a kan teburin Cezar.

Ta fita tsakar gida ta rubuta: "Na ga wuyana a teburin Cezar. Ashe babana ya fi ni sanin ka."

Amsar ta zo nan take: "Ki zo ki zage ni a gabana, Bahaguwata. Amma ki fara duba gurup."

Masu haɗa jita na yankin suna da gurup a waya inda kowa ke tallar rarar kayansa, kuma doka ɗaya ce ke riƙe da su. Idan ka sa talla, wanda ya fara rubuta "na ɗauka" a ƙasa, kayan sun zama nasa, ko da uwarka ce ta zo daga baya tana so. Ba rasit, ba shaida, maganar mutum ce kawai. Horia ya sa tallar wuyan tun kafin ya san akwai Sanda a duniya, ba wanda ya kula, shi ma ya manta bai goge ba. Cezar, wanda bai taɓa riƙe jita ba, ya shiga gurup ɗin, ya tono tallar, ya rubuta kalmomin nan biyu.

Ta same shi a gareji yana zaune gaban gangar da ba ta da wuya. Ta ce da ya ce wa Cezar wuyan ya ɓace, ko ya karye. Ya ce ya yi wannan tunanin har ya fara rubutawa, sai ya goge. Ta ce wani wuyan ba zai iso daga waje ba kafin inabi, ya san da haka.

"Na sani. Amma in na yi ƙarya a kan katako don in same ki, gobe a kan me za ki yarda da ni?"

Ta ce masa sakarai ne, kuma kada ya motsa daga nan.

Ta koma shago ta tsaya tsakanin teburin mahaifinta da na Cezar, ta zayyana komai, ba ta ɗaga murya ba. Traian ya ajiye kurfin sassaƙarsa ya tambayi Cezar ko ya koma bahago ne bai sanar ba. Cezar ya ce ya sayi abin bisa doka. Traian ya ce ai bai ce ya sata ba, tambaya yake me zai yi da shi. Cezar ya sunkuyar da kai.

Duk da haka tsohon ya ce sharaɗi yana nan yadda yake.

"Tata," in ji Sanda, kamar yadda ta saba kiran mahaifinta, "kai ka gama komai?"

Ta ɗaga kai ta dubi rufin shagon. A garin, ranar da aka haifar wa masassaƙi ɗa ko 'ya, yakan zaɓi katakon paltin mafi kyau, irin wanda ake yin bayan goge da shi, ya ajiye a saman rufi ya bushe, har yaron ya isa a sassaƙa masa nasa gogen. Yayyenta biyu sun karɓi nasu. Nata yana can sama, domin tun da ta fara ɗaukar cokali da hagu Traian ya ce ba ƙungiyar makaɗan da za ta zaunar da mai goge a juye, shi kuma ba zai ɓata katako ba.

Traian ma ya ɗaga kai ya dubi rufin. Sannan ya ce ta riƙe masa tsani.

Ya sauko da katakon ya hure ƙurar, ya ƙwanƙwasa da yatsa yana saurare. Ya ce a kira masa ɗan gwangwan ɗin. Da Horia ya iso, ya miƙa masa ya ce ya sassaƙa wuyan da shi, amma ba zai taɓa masa ko sau ɗaya ba, baki kawai zai sa, kuma katakon ɗaya ne, ba shi da na biyu.

Horia bai taɓa sassaƙa wuya ba, saye ya saba. Ya yanke babban yatsa tun a makon farko, ya sha faɗa kullum. Mabuɗin gareji kuwa yana jakar Sanda, duk wanda ya kira neman maɗauri ita ke amsawa, ta ce a kira bayan biki.

An fara ganin kekunan inabi a hanya ranar da suka shigo da bas ɗin ɗakin cin abinci. Sanda ta rataya shi, wuyan ya nufi dama, tsirkiya mai kauri a sama inda ya kamata. Karon farko a rayuwarta ba ta kifa komai ba. Ta kaɗa har kofuna suka yi rawa a kabad. Viorica ta share ido da gefen riga.

Traian ya karɓa ya runtse ido ɗaya, ya bi wuyan da kallo daga ƙasa zuwa sama.

"Har yanzu ƙugin firij yake," in ji shi. "Amma a miƙe yake, kuma an gama shi. Viorica, ki yi wa limamin coci magana."

An ɗaura auren bayan an gama matse inabi. 'Yan gurup suka cika teburi guda, kowa da jitar da ke ɗauke da wani abu na ango. Amarya ta tattare farar rigarta ta hau dandamali ta kaɗa wa kanta rawar farko. Cezar bai tsaya cin abinci ba, amma ya bar kyauta naɗe a tawul.

Horia ya buɗe, ya ga wuyan nan na farko ne, ya ce irin wannan ba ya kwana a gurup yanzu da ya yi suna. Sanda ta karɓe daga hannunsa ta miƙa wa mahaifinta.

"Ka sa a saman rufi, Tata. Wataƙila wani ya gado hannuna."

Traian ya soke shi a hammata. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ɗayan a kan surukinsa.

"Allah ya ba ku tsawon rai tare, ya cika muku gida. Abin da kuka fara yau, ku kai shi ƙarshe."

Duka teburan suka amsa da amin.